Rubutaccen Shiri: Sanƙarau Mai Tafiyar Hawainiya

  Yau maganar lafiya za mu yi, kuma ina roƙon ku tsaya har ƙarshe, don abin da za ku ji zai iya zama sanadin ceto ran wani a gidanku ko a unguwarku.

Idan aka ce sanƙarau, kowa a nan ya san me ake nufi. Zafi ya shigo, Maris ko Afrilu, ɗaki a cunkushe ba iska, yaro ya kwanta lafiya, da asuba zazzaɓi, kafin la'asar wuya ya sanƙare. Iyayenmu ba su manta da 1996 ba, shekarar da sama da mutum 100,000 suka kamu a Najeriya, fiye da 11,000 suka rasu. Mu kuma mun ga na 2017 da idonmu, wanda ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato da Katsina, ya ci rai sama da 1,000. Wannan sanƙarau ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi. Ana ɗauka daga mutum zuwa mutum, yana iya kisa cikin kwana ɗaya, amma yana da allurar rigakafi. A 2024 ma Najeriya ce ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare mutum daga nau'i 5 na ƙwayar a lokaci guda.

To akwai wani sanƙarau na dabam da ba a cika jin labarinsa ba. Shi ba ruwansa da lokacin zafi, ba a ɗaukarsa daga jikin wani, ba shi da allurar rigakafi, kuma antibayotik ba ya ko motsa shi. A hankali yake tafiya, sati biyu, sati uku, wata guda, mutum yana ta fama da ciwon kai ana cewa gajiya ce. Abin da ke kawo shi funfuna ce.

E, funfuna. Irin dangin wadda kake gani ta yi kore a jikin burodi ko tuwon da ya kwana biyu. Dangi ne babba sosai, a cikinsu akwai yis ɗin da ake kwaɓa fulawa da shi, akwai mai kawo makero a kan yara, akwai mai kawo ƙyasfi a fata. Mafi yawansu ba su da wata illa mai tsanani. Amma akwai 'yan kaɗan da idan suka samu hanya sukan kai har ƙwaƙwalwa.

Bari in ɗan yi bayanin wurin da abin ke faruwa. Ƙwaƙwalwarka da lakar da ta sauko ta cikin ƙashin bayanka a lulluɓe suke da tantani hawa uku, kuma akwai wani ruwa garai-garai da ke zagayawa a tsakani yana kare su daga jijjiga. Duk lokacin da wata ƙwaya ta shiga wannan ruwa, tantanin ya kumbura, shi ne sanƙarau. Ƙwayar na iya zama bakteriya, ko bairos, ko ta tarin fuka, ko funfuna. Suna ɗaya, amma magani dabam-dabam. Ku riƙe wannan, nan ne matsalar take.

Ƙofa biyu funfuna ke bi ta kai ga wannan tantani. Ta farko numfashi, ta biyu allura. Mu fara da ta numfashi, don ita ta fi shafar mu.

Wadda ta fi kowacce yin wannan ɓarna sunanta Kiriftokokus. Tun 1894 likitoci a Jamus suka fara ganin ta a jikin ɗan'adam. Tana zaune a cikin ƙasa, da ruɓaɓɓen itace, da busasshen kashin tsuntsaye, musamman na tattabara. Iska ta kwaso ta, ka shaƙa, ta sauka a huhu. Na san yanzu wani zai ce shi ke nan, bari in je in yanka tattabaruna. A'a ɗan'uwa, bar tattabarunka. Wannan ƙwayar tana ko'ina a duniya, kuma mutane da yawa sun shaƙe ta tun suna yara ba su ma sani ba. Garkuwar jiki mai ƙarfi kan murƙushe ta, ko ta killace ta a huhu ta yi shekaru tana kwance. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da garkuwar ta yi rauni sosai, sai ta farka, ta bi jini, ta haura kai. Abin lura kawai, wanda ya san garkuwarsa ba ta da ƙarfi, kada ya zama shi ne mai share ɗakin tattabaru ko akurkin kaji yana shaƙar ƙurar.

Su wa bangonsu ke tsagewa? Waɗanda aka yi wa dashen ƙoda suna shan magungunan danne garkuwa. Masu wasu nau'o'in cutar daji. Masu ciwon hanta da ya yi nisa. Masu shan magungunan sitiyarod na tsawon lokaci, irin su dezametason da firedinisolon. Nan 'yan'uwana mata da samari ku buɗe kunne, domin akwai masu sayen irin waɗannan ƙwayoyi a kemis ba takardar likita, ana sha don a yi ƙiba, kumatu su ciko. Wannan kumburin da kike gani a madubi, a ciki garkuwarki ce ake kwantar da ita. Sai kuma rukunin da ya fi kowanne yawa nesa ba kusa ba: masu ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki, wato HIV, waɗanda ba su san suna da ita ba, ko suka fara shan magani suka daina.

Ga mai cikakkiyar lafiya, wannan sanƙarau abu ne da ba kasafai ake gani ba. Amma ga wannan rukuni na ƙarshe, ku ji lissafi. Wani ƙiyasi da masana suka fitar a 2022 ya nuna cewa a shekara guda mutum kusan 152,000 ke kamuwa da shi a duniya, 112,000 su mutu, kuma fiye da rabinsu a Afirka kudu da Sahara suke. Kusan mutum 1 cikin kowane 5 da ƙanjamau ke kashewa, wannan funfuna ce ke ƙarasa shi. A shekarar dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin funfuna 19 mafi haɗari ga ɗan'adam, ta sa Kiriftokokus a cikin huɗu na sahun gaba. Najeriya kuma, a binciken ƙasa na 2018, an ƙiyasta mutum kusan miliyan 1.9 na ɗauke da HIV. Don haka maganar ta shafe mu.

To ya ake gane shi? Alamar farko, wadda kusan kowa ke yi, ciwon kai ne. Amma irin wanda ba ya tafiya, kullum ƙaruwa yake, yau ya fi jiya. Zazzaɓi kan zo sama-sama, wani ma ba ya yin sa. Sai tashin zuciya da amai, haske ya riƙa damun ido, mutum ya fara ganin abu bibbiyu ko dishi-dishi, ji ya ragu. Shi kuma sanƙarewar wuyan da muka saba gane sanƙarau da ita, da yawa daga masu wannan ba sa yin ta. Kun ga yadda yake ɓad da kama.

Ga yadda abin ke tafiya a gidajenmu, kuma kowa ya san wannan hanyar. Satin farko farasitamol. Sati na biyu a je kemis a ce maleriya ce, a yi allura uku. Bai daina ba, a ce to taifot ne, a rubuta antibayotik, a ɗaura ruwa a gida. Ana cikin haka sai mutum ya fara canjawa. Mai fara'a ya koma shiru, ko ya riƙa faɗa ba dalili, ya manta sunan ƙaninsa, ya yi ta barci, ya riƙa maganar da ba kai ba gindi. Daga nan sai a ce ai wannan ba na asibiti ba ne, jifa ne, ko iska ta taɓa shi. A ƙara sati biyu ana hayaƙi. Ranar da ya fara jijjiga ko ya suma, ranar za a sa shi a mota. Ba wanda ya ce a daina addu'a, a yi ta, amma a yi ta a bakin gadon asibiti. Wannan canjin hali da ake gani, ruwan kan ne ya taru ya matse ƙwaƙwalwa, kuma duk kwanan da aka ƙara a gida, damar tashinsa raguwa take. Idan ba a yi magani ba, wannan ciwon ba ya barin mutum da rai.

Yanzu ga labari mai daɗi. Akwai gwajin da ke gano ƙwayar, ana ce masa CrAg. Ɗan tsinke ne kamar na gwajin maleriya ko na ciki, ana yi da jini ko da ruwan laka, cikin minti 10 an ga sakamako. Abin da ya fi burge ni da shi, yana iya ganin alamar ƙwayar a jini makonni kafin ciwon kai ya fara. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a yi wa mai HIV wannan gwaji idan sojojin garkuwarsa, waɗanda ake kira CD4, sun yi ƙasa sosai, musamman ƙasa da 100, har ma wanda ke ƙasa da 200. In an ga alamar kuma ba ta kai ga kai ba, sai a ba shi ƙwayar fulukonazol ta tare ta tun a hanya. Don haka idan kai ne, ko wani naka, aka gano HIV a makare, ko an koma shan magani bayan an daina, ka buɗe baki ka tambayi ma'aikacin lafiya: nawa ne CD4 ɗina, kuma an yi min CrAg? Haƙƙinka ne ka tambaya.

Sai maganar da na san za ta tayar da ƙura a wajen sharhi: ɗiban ruwan baya. Da zarar likita ya ce za a sa allura a gadon baya a ɗebo ruwa, sai ka ga dangi sun haɗa kai, wani kawu ya ce wallahi ba a yi wa ɗansa, wai wanda aka yi wa ba ya tashi, ko ya shanye. Mu tsaya mu yi lissafi. Lakar mutum babba tana ƙarewa ne a saman ƙugu, allurar kuma ƙasa da nan ake sa ta, inda ruwa ne da 'yan jijiyoyi masu kaucewa. Jiki na sarrafa kusan rabin lita na wannan ruwa kowace rana, abin da ake ɗiba kuma 'yan cokula ne, cikin sa'o'i ya mayar da shi. To me ya sa ake cewa yana kisa? Saboda galibi sai mutum ya kai gargara ake kawo shi, a ɗebi ruwan yau, gobe ya cika, sai a ɗora wa allura laifin ciwon da ya yi wata yana cin sa.

A wannan sanƙarau na funfuna, ɗiban ruwan shi kansa magani ne. Ƙwayar tana toshe hanyar da ruwan ke bi ya fita, sai ya taru, matsi ya hau, shi ke kawo azabar ciwon kai da makanta da mutuwa. Idan aka rage ruwan, sau da yawa mara lafiya na samun sauƙi nan take, kuma wani sai an maimaita masa kwana da kwana. Bincike ya nuna waɗanda aka rage wa ruwan sun fi tsira. In aka zo neman izininka a kan ɗan'uwanka, tambayi likita duk abin da ke ranka, amma kada tsoron jita-jita ya sa ka hana.

Magani fa? Akwai, kuma ya samu ci gaba sosai kwanan nan. Babban maganin sunansa amfoterisin B, ta jijiya ake ba da shi. Tsohon magani ne tun shekarun 1950, yana aiki, amma yana wahalar da ƙoda, yana rage jini, kuma a da sai an yi sati ɗaya ko biyu ana ɗaura shi kullum. Sai masana suka yi wani babban gwaji mai suna AMBITION a ƙasashen Afirka 5, Botswana da Malawi da Afirka ta Kudu da Yuganda da Zimbabuwe, da marasa lafiya sama da 800. Suka gano cewa idan aka ba da wani ingantaccen nau'in maganin sau ɗaya tak da yawa, aka bi shi da ƙwayoyi biyu, fulusaitosin da fulukonazol, na kwana 14, sakamakon bai gaza na tsohon tsari ba, illa kuma ta ragu. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da wannan tsari zaɓin farko. A Afirka aka yi binciken, da likitocin Afirka a ciki, duniya ta ɗauka.

Amma ku ji wannan. Ko a cikin wancan gwaji, da kulawa mai kyau, kusan mutum 1 cikin 4 ya rasu cikin sati 10. Kuma fiye da rabin waɗanda suka shiga gwajin sun taɓa fara shan maganin HIV a baya. Ma'ana, da yawa daga cikinsu mutane ne da maganin ya kufce musu, ko suka daina, ko ya daina yi musu aiki ba a lura ba. Me ke sa matashi ya daina shan maganin da ake ba shi kyauta? Mu ne. Bakinmu ne. Tsoron kada a gan shi a layin karɓar magani, kada a ga kwalba a jakarta, kada maganar aure ta lalace. Mu muke tura su ɓuya, funfuna ta same su a can.

Abu biyu kuma game da magani. Bayan sati biyun farko ba a gama ba, ana ci gaba da fulukonazol na sati 8, sannan a rage a ci gaba aƙalla shekara guda. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye, ciwon na dawowa. Na biyu, wanda aka samu da wannan sanƙarau kuma ba ya kan maganin HIV, likitoci kan jinkirta fara masa da sati 4 zuwa 6. Kada dangi su ɗauka sakaci ne. Idan garkuwa ta farfaɗo da sauri alhali ƙwayar na cike a kai, faɗan da za a yi a can ciki na iya kashe mutum.

To mu koma ƙofa ta biyu, ta allura. Wannan ba ta tambayar ko garkuwarka na da ƙarfi, domin an tsallake duk wani shinge an kai ƙwayar har gida. Misalan da aka fi sani daga nahiyar Amurka suke. A 2012, wani kamfanin haɗa magunguna a jihar Massachusetts ta Amurka, New England Compounding Center, ya rarraba allurar sitiyarod da ake yi wa masu ciwon baya a kusa da laka. Ashe ta gurɓace da wata funfuna da aka fi sani a jikin ciyawa, wadda da wuya ta kama ɗan'adam. Kusan mutum 14,000 aka yi wa allurar. Hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 753 da suka kamu a jihohi 20, wasu sanƙarau, wasu ƙurji a gadon baya ko a gaɓoɓi, 64 suka mutu. An ɗaure shugaban kamfanin, majalisar ƙasar kuma ta yi sabuwar doka a 2013 kan masu haɗa magani.

Bayan shekara goma abin ya sake faruwa a Meziko. A 2022 a jihar Durango, mata da dama da aka yi wa allurar kashe zafi ta baya, yawancinsu wajen haihuwa, suka kamu da wata funfuna mai suna Fusariyum, sama da mutum 30 suka rasu. A 2023 kuma a garin Matamoros da ke kan iyaka da jihar Texas, 'yan Amurka da suka tsallaka don tiyatar gyaran jiki mai rahusa suka kwaso irinta, 12 suka mutu, mafi yawansu mata masu ƙananan shekaru da suka tafi da ƙafarsu lafiya lau.

Me ya kawo wannan labari cikin shirinmu? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Idan gurɓatacciyar allura za ta iya ratsa jihohi 20 a ƙasar da ke da tsauraran hukumomi, to mu da ake sayar da allura a rana a kasuwa, ake ɗaura ruwa a shago, sai mu ƙara kula. Duk abin da zai shiga gadon bayanka, a asibiti mai rajista za a yi shi, a hannun wanda ya koyi aikin. Allurar baya da ake yi wajen tiyatar haihuwa tana ceton rayuka kullum, kada wata ta ji wannan ta ƙi ta. Abin da ake so, wadda aka yi wa, idan bayan kwanaki ko makonni ciwon kai ya ƙi tafiya, ko zazzaɓi ya biyo baya, ta koma ta faɗa wa likita cewa an yi mata allura a baya, kuma ga ranar.

Kafin mu rufe, ga abin da nake so kowa ya tafi da shi. Ciwon kan da ya wuce sati yana ƙaruwa, an sha maganin maleriya da antibayotik bai ji ba, babban asibiti ake kai shi, ba a komawa kemis karo na uku. In ya haɗu da ruɗewa ko matsalar gani, a ranar za a tafi. Ka je ka san matsayinka na HIV, gwajin 'yan mintuna ne. In kana shan magani kada ka daina, in ka daina ka koma gobe, kuma ka faɗi gaskiya cewa ka daina, don su san gwajin da za su yi maka. Ki rabu da ƙwayoyin ƙiba, amma in kin daɗe kina sha kada ki yanke lokaci ɗaya, wannan ma haɗari ne, ki je likita ya rage miki a hankali.

Mu kuma masu ƙungiyoyin matasa, ga aiki. Idan mun samu zama da kwamishinan lafiya ko ɗan majalisar mazaɓarmu, mu ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda muka saba yi: babban asibitin jiharmu yana da tsinken CrAg? Yana da amfoterisin da fulusaitosin, ko fulukonazol kaɗai ake ba mutane? Domin fulukonazol shi kaɗai bai isa ya kashe ƙwayar da ta riga ta shiga kai yadda ake so ba, kuma fulusaitosin, duk da tsohon magani ne, ya daɗe yana wahalar samu a ƙasashen Afirka da dama. Abin da ba a tambaya ba, ba ya shiga kasafin kuɗi.

Nan za mu dakata a yau. Ku tura wa wanda kuka san zai amfana, musamman masu jinyar wani a gida. Ma'aikatan lafiya da ke bibiyarmu, ku shigo wajen sharhi ku faɗa mana yadda abin yake a asibitocinku. Masu tambaya ku ajiye, za mu tattara mu kai wa likita a shiri na gaba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya tsare mu baki ɗaya. Sai mun sake haɗuwa, ku huta lafiya.